Tawada a Farcen Baba

Shekarun baya, bayan ruwa ya tashi ƙauyenmu da ke can yankin Guri, na ɗauko mahaifina da mahaifiyata na dawo da su wurina a Haɗeja, inda nake jan a-daidaita-sahu. Ruwan nan bai zo mana da hayaniya ba. Kachala ce, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta daɗe tana toshe hanyar kogi, ruwa ya rasa mabi ya biyo ta gonakinmu, daga gonaki ya shigo gari, kuma tun da ya shigo bai sake fita gaba ɗaya ba. Ko da rani garin tsibiri ne: makarantar firamare, masallaci, tsamiyar ƙofar gidan Bulama mai garinmu, sai 'yan gidajen masu taurin kai.

Mahaifina masunci ne tun tasowarsa. A birni sai ya zama abin tausayi, ya wuni a ƙofar gida yana gyaran komar da ba zai ƙara jefawa ba, ga tari ya sa shi gaba.

Da aka buɗe rajistar masu zaɓe, ni tuni na mayar da tawa unguwarmu. Na zauna na tsara masa bayani kamar ni na kafa dokar.

"Baba, abin ba wuya. Za mu je ofis da katinka, ka ce ka sauya mazauni, su mayar da kai rumfar unguwar nan. In sabon kati ya fito ka je da kanka ka karɓa. Ranar zaɓe nan da bakin masallaci ne, ka gama ka dawo."

Bai ɗago daga komar ba. Ya ce, "Wato in je gaban hukuma in faɗa da bakina cewa na bar garinmu?"

"Ba haka ba ne, Baba."

"Haka ne mana. Ni akwatina yana gindin tsamiya."

Sai ka san mutanenmu za ka gane maganar. A wurinsu akwatin zaɓe ya wuce zaɓe. Dattawa suna tune da zamanin da sai sun taka zuwa wani ƙauye su bi layin wasu, kuma ranar da aka ba mu namu akwatin har rago aka yanka. Garin da ke da akwati shi ne gari, shi ake tunawa da shi in za a yi jingar tare ruwa ko a sare kachala. Sun yi imani duk ranar da aka kawo akwati bai samu mutane ba, za a ɗauke shi, daga nan kuma an manta da su ke nan. Ko haka doka ta ce ko ba haka ba, ban sani ba, Baba ma bai tambaye ni ba.

Aka rufe rajista bai je ba. Zaɓe ya matso cikin sanyi, tarin ya sauka ƙirji, likita ya ja mana kunne kada ya kusanci ruwan sanyi. Mahaifiyata ta yi ta lallashinsa.

"Malam, ƙuri'a ɗaya ce fa."

"Ni ma ai ɗaya ne," in ji shi.

Daga baya ta ja ni gefe, idonta ya ciko. "Ka kai shi. In ba ka kai shi ba, wallahi da ƙafa zai tafi."

Tun ranar Juma'a muka kama hanya, don ranar zaɓe ba a barin abin hawa ya yi yawo. Na ja mu har inda hanya ta ƙare, muka shiga kwalekwale. Ni ɗan masunci guda, na ƙanƙame gefen jirgi ina karanto duk addu'ar da na sani, shi kuwa yana nuna mini gonakin mutane a ƙarƙashin ruwa, wannan ta wane ce, waccan ta wane. Can muka iso inda kachala ta rufe hanya ruf, ta fi mutum tsayi, dole a sauka a taka. Ruwa iya cinya, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Na durƙusa na ce ya hau bayana.

"Ni za ka goya a ruwan nan? A nan na koya maka wanka."

Ya naɗe wando ya shiga. Ina bayansa ina jin yadda numfashinsa ke fita da ƙyar.

A ajin makaranta muka kwana. Da safe ma'aikatan zaɓe suka iso, su ma jiƙe, akwati a ka. Mutanenmu kuwa sun zo, daga Haɗeja, daga Kirikasamma, daga duk inda ruwa ya watsa su. Bulama na tsaye yana tarbar kowa kamar ranar salla.

Aka shigar da tsofaffi gaban layi. Baba ya miƙa kati, ma'aikaciyar ta ɗora yatsansa a na'urar tantancewa, na'ura ta ƙi. Ta ce, "Baba, goge hannun a riga." Ya goge, ta ƙi. Aka gwada wani yatsan, haka. Igiyar koma da ruwa sun cinye zanen yatsunsa tas. Na tsaya ina tunanin duk wahalar nan ta tashi a banza.

"Bari mu gwada fuska, Baba. Cire mayafin."

Ya cire, ya danne tari, ya tsaya ƙyam. Fuskar ta rame, ba ita ce ta jikin katin ba, amma daga ƙarshe na'urar ta yarda da shi. Ta shafa masa tawada a gindin farcen babban yatsa, ta ba shi takardun ƙuri'a. Ya shiga bayan shamaki ya dangwala, ya naɗe, ya fito ya jefa. Sai ya ɗora tafinsa a kan akwatin ya ɗan jima, har sai da na bayansa ya yi gyaran murya.

Ni kuwa gwanin bayanin sauya rumfa, a shekarar ban yi zaɓe ba, rumfata na can birni.

Ya ƙi tafiya sai an ƙirga. Ya zauna a gindin tsamiya yana rawar ɗari har aka gama. Bai tambayi wanda ya ci ba. Cewa ya yi, "Akwatin ya samu mutane?"

Na ce, "Ya samu, Baba."

"To, mu tafi."

Da zazzaɓi a jikinsa muka iso gida, washegari sai asibiti. Kafin a yi zaɓen gwamna Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da muka zo hannunsa, ga tawadar nan a farce, baƙa ƙirin. Na sa ruwa na cuɗa, na ƙara cuɗawa, ko gezau. Ban san ina kuka ba sai da limamin unguwarmu ya riƙe mini hannu ya ce, "Ƙyale ta, ɗana. Ba ta hana wanka." Da ita aka sa shi a likkafani.

Da lokacin babban zaɓe ya sake zagayowa, ba a kai akwati gindin tsamiya ba. Gidajen da suka rage sun faɗi, hanya ta toshe gaba ɗaya, aka ajiye shi a wani ƙauye da ke kan tudu. Ban ga laifin kowa ba, babu wanda zai kai akwati inda ba mutum.

Wasu suna ce mini da ban kai shi ba, da ya ƙara kwana. Kwana na Allah ne, kuma na san da na hana shi, da kallon da zai riƙa yi mini ya fi wannan ciwo. Amma ba zan ce muku na daina jin zafin abin ba. Katinsa yana wurin mahaifiyata, sunan garinmu na nan a jiki, garin ne babu.

Har yau ba na fashin zaɓe. In an shafa mini tawada, abokan aikina sukan nemi kalanzir su goge tasu tun a ranar. Ni barin tawa nake yi, sai farce ya tsiro ya fitar da ita da kansa.