Yadda Aka Maido wa Motar Kawu Labbo Muryarta

Kawuna Labbo ɗan masunta ne, amma ruwa bai karɓe shi ba. Ranar da aka fara sa shi a kwalekwale ya yi amai tun ba a kwance igiya ba. Kakanmu ya kai shi tasha a Bagudo, ya ce tunda kifi ya fi ƙarfinsa a ruwa, ya je ya ɗauke shi a tudu. Haka ya zama direba. Shekara goma sha ɗaya yana jan wata tsohuwar a-kori-kura mai tobo, fara ce a takarda, a ido kuwa kalar gindin tukunya.

Motar tana da ciwo ɗaya. Manifol ɗinta, wato ƙarfen da ke kwashe hayaƙi daga inji ya miƙa wa tobo mai ƙara wa mota ƙarfi, ya tsage tun kafin a ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Ta wannan tsaga take kuka: farko fito kamar butar shayi, sai gurnani, sai tari biyu. Kunnen Kawu ya mutu rabi, ko gaisuwa zai yi sai ka ce wani yake kira daga ƙetaren kogi.

Abincinsa yana hannun matan Tungar Arzika, masu bandar kifi. Tungar tana bakin kogi, tafiyar rabin awa daga titi. Duk ranar kasuwar Lolo, da sun jiyo kukan motar daga nesa sai su naɗe gammo su ɗauki kwanduna. Motar ba ta da sauri, su kuma ba su da nawa, sai su iso gindin tsamiyar bakin titi tare kamar an auna. Ba a taɓa sa lokaci da baki ba.

Da a nan abin ya tsaya da babu labari. To amma hayaƙin yana shiga gidan direba, yana sa shi barci. Wata rana Kawu ya farka ya ga gero ta kowace taga, motar tana tafiya a hankali cikin wata gona a Sharabi, mai gonar yana biye da shi a ƙafa yana ta sallama. Da labari ya kai gida, matarsa Hamsatu ta ƙulle makullin motar a bakin zaninta, ta ce ko gyara ko ya koma kwalekwale.

Namadi bakanike ya riga ya yi wa tsagar walda sau uku. Ya ce ƙarfen zubi ne, ba ya riƙe walda, sai dai a canza. Aka samo ɗan Kwatano daga Malanbil. Namadi ya sauke tobo, ya dubi notuna takwas da tsatsa ta haɗe da inji, ya zuba musu man birki ya bar su suka wuni. Biyar suka fito da lallashi, biyu sai da aka gasa su da wuta, na takwas ya karye a ciki. Namadi ya tuba daga ashar tun zuwan Shari'a, don haka addu'a ya riƙa yi wa guntun cikin fushi yana huda shi.

"Allah shi shirye ka! Allah shi shiryi wanda ya ƙera ka, da wanda ya ɗaure ka!"

Kwana biyu aka yi. Ya sa sabon gaskit a jikin inji, ya ɗora manifol ɗin a kai, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, ya mayar da tobo, ya murɗa makulli.

"Tada ta mana!" in ji Kawu.

"Ai tana aiki, Labbo."

Kawu ya kifa kunnensa mai rai a kan bonet. Ya ɗago jiki a sanyaye kamar wanda aka ce masa an yi rasuwa.

Ranar kasuwa motar ta tashi kamar budurwa. Ya iso tsamiya, babu kowa sai akuya. Ya danna oda, ya tuna ta mutu shekara tara da suka wuce, ba a gyara ba don babu mai buƙatarta. Ya jira, ya gaji, ya ce an guje shi, ya wuce Lolo fanko.

Su kuwa matan suna zaune a tunga da kwanduna a gaba, sun kasa kunne har azahar. Daga nan suka yanke cewa Labbo ya mutu, don babu abin da zai sa motar nan ta yi shiru yana da rai. Aka yi kuka sosai. Washegari shugabarsu, Inna Riskuwa, ta yafa mayafi ta zo Bagudo gaisuwa. Ta tarar da mamaci a zaure yana shan fura.

"Labbo! Ashe kana da rai?"

"Lahiyata lau, Inna!"

"To ba ka kyauta ba. Kihinmu na nan jibge, mun yi ma kuka na banza. Mi ka yi ma motar?"

"Gyara anka yi."

"Wa ya ce ta lalace?"

Kawu ya ce zai saya musu agogo. Inna Riskuwa ta dube shi sama da ƙasa.

"Agogo ya san ranar da tayarka ta hwashe? Ya san ranar da ka tsaya shan shayi? Motar ta sani. Ji nan, ɗana. Mutawakkil mai bas ya daɗe shina bin mu, odarshi har waƙa takai. Kasuwa mai zuwa in ba mu ji kukanmu ba, mun koma mai, kuma ba mu dawowa."

Kawu ya tafi gareji da guduma a hannu, ya ce a tsaga sabon manifol daidai inda tsohon ya tsage. Namadi ya kwanta a kan bonet ya ce sai dai a fara da bayansa. Hamsatu kuma ta aiko cewa bakin zaninta yana nan. Aka yi ta ja har Namadi ya kawo shawara: a huda salansa can baya, inda hayaƙi zai bi iska, ba hancin direba ba.

Matsalar ita ce Kawu bai san kukan ba, a cikinsa yake zaune. Dole aka ɗauko masu shi. Inna Riskuwa da mata huɗu suka shimfiɗa tabarma a bayan gareji, suka juya wa motar baya. Inna ta ce a ɗora mata kwando a ka, haka kunnenta ya saba.

Namadi ya sa ƙusa ya huda rami ɗaya. Kawu ya taka totur.

"Wagga injin niƙa ce," in ji Inna.

Rami na uku.

"Bas ɗin Mutawakkil da mura."

A na biyar fito ya fito, wata daga cikinsu ta fara share hawaye. A na bakwai gurnani ya zauna. Inna ta ɗaga hannu, ido a rufe.

"Ta yi kusa. Ina tarin?"

Namadi ya ce ba ya da ƙusar tari. Kawu ne ya koya da ƙafarsa: ya saki totur, ya doka sau biyu. Sai da ya yi sau goma sha wani abu kafin Inna ta miƙe da kwandonta ta nufi titi ba tare da ta sani ba.

Ranar kasuwa sun ji, sun fito. Saura abu ɗaya. Motar yanzu tana da ƙarfi, ta riga su isa tsamiya da kusan minti ashirin, Mutawakkil yana fake a gefe yana kallo. Da suka iso Inna ta wuce bas ɗin ko kallo, ta ɗora kwandonta inda ta saba, ta leƙa taga.

"Gaggawar mi kakai? Ka lalata muna lokaci."

Tun ranar Kawu a giya biyu yake tafiya har tsamiya. Sabon manifol, tobo lafiyayye, masu keke suna wuce shi suna gaishe shi. Shi kuma yana amsawa da ihu, yana doka tarinsa biyu a kan kari.