Turken Eckhard Roloff

Duk wanda ya zauna a ƙauyen Dornrode ya san Eckhard Roloff, ba don ya so ba, sai don Eckhard ba ya barin kunnen kowa ya huta. Motar madara ya tuƙa har ya yi ritaya, amma ka tambaye shi sana'arsa, sai ya bugi ƙirji ya ce shi gwanin jifan mashi ne. Jifa ɗaya tak fa! A kansa ya rayu, a kansa ya tsufa.

A bikin ƙungiyar wasanni ta ƙauyen ne, yana sabon ango, ya cilla mashi ya yi nisa. Ya yi nisa kam, ba za a hana shi wannan ba. To amma mutanen da ko kumfar giya sai sun auna, ranar suka manta igiyar awo a gida. Aka kafa turke inda mashin ya soke, aka ce gobe a auna. Har yau goben ba ta zo ba.

Shi kuwa turken nan tafiya yake yi. Duk shekara da ƙanƙara ta narke, sai ka ga Eckhard da guduma, wai ƙasa ta yi laushi turke ya karkace. Ya tumɓuke, ya ɗan matsa gaba, ya sake kafawa. Manyan ƙauye suna gani suka yi gum, don wa zai ɓata yininsa a musu da Eckhard?

Wanda bai sani ba shi ne ɗansa Torsten. Yaro ne mai ƙarfin hannu, ba abin da yake nema a duniya sai ya wuce turken nan uban ya ce masa madalla. Kullum yana fili, uban na tsaye hannu a aljihu. "Kai, wannan jifa ne ko shanya kake yi? Dubi turke can, dubi mashinka nan. Kakarka ma ta fi ka hannu!" Yaro ya yi ta jifa har kafaɗarsa ta dama ta lalace. Yau ya haura hamsin, ko hula ba ya iya sawa da hannun.

Da Eckhard ya cika saba'in da biyar, ƙungiya ta ce za ta kafa dutse mai sunansa a wurin turken. Murna, baki har kunne. Aka gasa naman alade, aka jera dankali da kabeji, masu busa suka hallara. Shugaban ƙungiya ya roƙi matar Eckhard, Irmtraud, ta tuna wa jama'a ranar jifan, wai ko ta ɗan sa su ƙwalla.

Tsohuwa ta dubi turken, ta dubi mijinta. "Ni dai a gindin bishiyar tuffar can nake zaune da cikin Torsten, mashin ya soke dab da ƙafata har na zubar da gahawata. Ban san yaushe turken ya tashi ya koma bakin shinge ba."

Wuri ya ɓarke da dariya. Eckhard ya yi jajir. "Irmtraud, tsufa ne, kin ruɗe!"

Torsten bai yi dariya ba. Ya tashi ya taka daga tuffar zuwa turken, tafiyar kuwa ba kaɗan ba ce. Ya tumɓuke shi da hannun hagu, ya kawo ya ajiye a gaban farantin uban.

"Baba, tun kafin gemu ya fito mini mashina yake wuce bishiyar nan. Kana tsaye kana kallo."

Da wani uban ne, da kunya ta kashe shi nan take. Ban da Eckhard. Turken ya rarumo ya rungume, kada wani ya ɗauke masa. "Cika baki! In ka isa, ga mashi can, jefa mu gani mana!"

Torsten ya ɗaga hannun dama a hankali. Hannun ya kai ƙirji, ya tsaya, ya ƙi wucewa.

"Iyakarsa ke nan, Baba."