Medard Coussement, Hadimin da Ya Sauya Sheƙa

An haifi Medard Coussement ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1935 a ƙauyen Rollegem, kudu da Kortrijk. Mahaifinsa, Kamiel Coussement, ma'aikacin gasa tubali ne, mahaifiyarsa kuwa, Zulma Deprez, tana aiki a masaƙa. Shi ne na huɗu cikin 'ya'yansu shida.

Ƙuruciya da karatu

A shekarar 1941 aka sa shi makarantar coci ta ƙauyensu, inda malamai suka shaide shi da ladabi da kuma rashin iya zama wuri ɗaya. Ya bar karatu a 1949, ya sami aiki a wata masaƙa da ke Tourcoing, a tsallaken iyakar ƙasa, yana zuwa yana dawowa a kan tsohon baƙin keken mahaifinsa. Al'adar ma'aikata ce idan an tashi aiki su yi rige-rigen komawa gida, kuma cikin shekara guda babu mai iya riƙe bayan Medard. A wannan hanya ce Florent Tytgat, ɗan mahaucin ƙauyen, wanda ya girme shi da shekara uku kuma ya riga ya yi suna a tsere, ya lura da shi, ya ara masa keken tsere, ya koya masa yadda ake laɓewa a bayan wani don guje wa iska. Tsakanin 1952 da 1956 Medard ya ci tsere talatin da ɗaya a bukukuwan ƙauyuka.

Shigarsa ƙungiyar Roodborst

A farkon 1957 Gentiel Naessens, maƙerin kekuna kuma shugaban ƙungiyar Roodborst mai jajayen riguna, ya ɗauke shi a matsayin ƙwararre bisa shawarar Florent, wanda a lokacin shi ne jagoran ƙungiyar. Aikin da aka ba Medard shi ne na hadimi: ya tare wa jagora iska, ya koma baya ya ɗebo ruwa, ya miƙa tayarsa idan ta jagora ta yi faci, sannan ya kauce a kusa da layin ƙarshe. Shekara shida ya yi yana wannan hidima da irin ƙarfin da ya sa 'yan kallo suke kiran sunansa a kan tuddai kafin su kira na Florent. Nasarori ashirin da biyu Florent ya samu a wannan zamani, kuma babu ɗaya da ba a bayan Medard ya ɓuya ba har zuwa mita ɗari biyu na ƙarshe.

Aure

Ranar 14 ga Nuwamba 1959 ya auri Godelieve Tytgat, ƙanwar Florent, a cocin Rollegem. 'Yan ƙungiyar suka jeru a ƙofar coci suka ɗaga tayoyi sama, ango da amarya suka bi ta ƙarƙashi. Daga ranar jagora da hadimi suka zama surukai, suna cin abincin Lahadi a teburi ɗaya a gidan mahaucin.

Tseren Tuddai Tara na 1962

A watan Afrilu na 1962, a Tseren Tuddai Tara, wanda duk yankin ke rufe shaguna dominsa, aka tura Medard gaba don ya gajiyar da abokan hamayya. Sai ga shi duk sun sare, shi kaɗai ya rage, saura kilomita ashirin, da ratar minti ɗaya da rabi. Jama'a suna ta ihu a gefen hanyar duwatsu, masu rediyo suna ambaton sunansa, sai motar Naessens ta iso kusa da shi.

"Tsaya. Tayar Florent ta yi faci, ka jira shi ka jawo shi."

"Maigida, ni ne fa a gaba."

"Ai ba makaho ba ne ni, na gan ka. Na ce tsaya."

Medard ya taka birki, ya sa ƙafa a ƙasa, yana kallo mutum huɗu suka wuce shi. Ya jawo Florent iya ƙarfinsa, amma na biyar suka samu. A wurin wanka bayan tseren, Florent ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa cikin raha, ya ce, "Kada ka damu, suruki. Kai ƙafa aka ba ka, ni aka ba ni kai." Aka yi dariya.

Sauya sheƙa

A watan Satumba na wannan shekara ƙungiyar Ferrasca ta Italiya, mallakar wani kamfanin kekunan ɗinki, ta aiko masa da tayin zama jagoranta a tseren bazara. Ya yi mako uku yana juya al'amarin, domin Florent ne ya ɗora shi a kan keke, Naessens kuma shi ya ba shi riga. Godelieve ce ta yanke maganar. Ta ce masa Florent yayanta ne ciki ɗaya, amma ita ce ta ga yadda ya kwana biyu bai taɓa abinci ba bayan ranar da aka tsayar da shi, don haka ya sa hannu. Kafin ya sa, sai da ya je har shagon Naessens ya faɗa masa baki da baki. Naessens ya ce ya ajiye keken ƙungiya a bakin ƙofa, kada ya sake shigowa.

Labarin ya raba Rollegem gida biyu. Ƙungiyar magoya baya da ke taruwa a mashayar dandalin ƙauyen ta rabu biyu, rabi suka koma mashayar da ke fuskantarta, har masu aski kowa da nasa ɓangaren. An wayi gari an rubuta "maci amana" da farin fenti a kan titin ƙofar gidansa. Mahaucin ya daina gayyatarsu abincin Lahadi, Florent kuma idan sun haɗu a hanya sai ya duƙa yana gyara sarƙar kekensa. A kakar tserensa ta farko cikin shuɗiyar rigar Ferrasca, a 1963, Medard ya ci tsere shida, masu fenti kuwa ba su daina ba.

Nasarar 1964

Ranar Tseren Tuddai Tara na 1964 an tashi da ruwan sama da iska mai kayar da mutum. Daga cikin mahaya ɗari da sittin, ba su kai arba'in ba waɗanda suka ga tudu na bakwai. A kan tudu na tara Medard ya miƙe tsaye a kan feda ya fizga, da ya waiwaya sai ya ga mutum ɗaya tak manne da tayarsa, laka ta rufe masa fuska, amma jar rigar ta nuna ko wane ne. Kilomita goma sha biyu suka rage, kuma shekara ɗaya da rabi ke nan ba su yi magana ba.

"Fito ka ja mana, suruki," in ji Medard, "ko ka manta yadda iska take?"

"Ja kai," in ji Florent yana haki, "ai ka saba."

Haka ya ja shi har cikin gari, jama'a sun cika rufin gidaje da kan motoci, kowane ɓangare yana kiran nasa. Saura mita ɗari biyu Florent ya fito daga bayansa kamar yadda ya yi sau ashirin da biyu, amma wannan karon Medard bai kauce ba. Suka tafi kafaɗa da kafaɗa, kekuna suna rawa, har layi, inda alƙalai suka tabbatar Medard ya riga shi da rabin taya. Aka buga ƙararrawar cocin Rollegem, masu busa suka fito cikin ruwa, kuma cikin waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa har dandali akwai mutum biyu da kowa ya san su ne masu fentin.

Rabuwa da Ferrasca da shiga Kievit

A watan Yuni na 1966 ya faɗi a wata gangara ya karye a gwiwa. Yana kwance a asibiti ya karanta a jarida cewa Ferrasca ta naɗa wani ɗan shekara ashirin da biyu a gurbinsa, ba tare da an aiko masa ko wasiƙa ba. A ƙarshen wannan kaka Naessens ma ya sallami Florent, yana cewa ƙafafunsa sun tsufa.

Wata ƙaramar ƙungiya mai suna Kievit, ta wani mai gasa biskit, ta nemi Medard. Ya amince bisa sharaɗi ɗaya, cewa a ɗauki Florent tare da shi. Ya sami Florent a bayan kanta a shagon mahaifinsa yana yanka nama, ya ajiye masa takardar a kan katako.

"A matsayin me?" in ji Florent.

"Hadimi. Ranar da ƙafarka ta fi tawa, ni ne naka."

Florent ya goge hannu a jikin rigarsa, ya sa hannu, ya naɗe masa tsiran alade ya ce ya kai wa Godelieve, kuma a gaya mata ranar Lahadi ƙarfe ɗaya ake zama. Kaka uku suka yi a Kievit cikin koriyar riga. Medard ya ci tsere biyar a bayan Florent, Florent ya ci huɗu a bayan Medard, kuma suka yi ritaya rana ɗaya a watan Oktoba na 1969, a tseren bikin ƙauyensu.

Shekarun baya

A 1970 ya buɗe shagon sayar da kekuna da gyaransu a Kortrijk. Daga 1974 zuwa 1991 ya shugabanci wata ƙungiyar masu tasowa, wadda ta fitar da ƙwararru goma sha ɗaya. An san shi da cewa duk wanda babbar ƙungiya ta nema, shi da kansa yake rubuta masa takardar shaida, abin da kawai ba ya yafewa shi ne ya ji labarin a bakin wani. Naessens ya rasu a 1978 ba tare da sun shirya ba, Medard ya halarci jana'izarsa ya tsaya a sahun baya. Florent ya rasu a 2004, Medard na cikin masu ɗaukar akwatinsa. Har ya haura shekara saba'in bai daina hawa keke kowace safiya ba.

Rasuwarsa

Medard Coussement ya rasu a gidansa ranar Talata, 6 ga Satumba 2011, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara saba'in da shida. An yi jana'izarsa ranar Asabar, 10 ga watan, a cocin Rollegem. A kan hanyar zuwa maƙabarta ɗan sanda ya tsayar da ayarin a mararraba, domin tseren wani ƙauye na maƙwabta zai ratsa. Da aka ji jiniyar babur ɗin da ke share wa tseren hanya, tsofaffin mahaya da ke bin gawar, cikin baƙaƙen kwat, suka bar layi suka yi bakin titi suna tafi suna kiran sunayen waɗanda ke gaba. Limamin cocin ya dubi Godelieve cikin damuwa.

"Ƙyale su, Fada," in ji ta. "Da zai iya tashi, da ya riga su isa can."

Bayan mahayi na ƙarshe ya wuce aka ci gaba, aka binne shi kusa da iyayensa. Ya rasu ya bar matarsa, Godelieve, da 'ya'ya huɗu: Rita, ma'aikaciyar jinya a Gent, Norbert, wanda ya gaji shagon, Marleen, malamar makaranta a Kortrijk, da Wilfried, direban jirgin ƙasa, sai jikoki tara.