Sa Hannun da Kawu Bawa Ya Hana Ni

Shekara tara ke nan da muka binne kawuna, Dakta Bawa, a nan Zuru. Ya daɗe yana duba duk wanda ya zo, daga mai zazzaɓi har mai naƙuda, kafin a ɗora masa horar da sabbin likitoci. Ina cikin waɗanda suka bi ta hannunsa, na kuma shiga da tunanin 'yar gida ba za ta sha wuya ba. Wauta ce kawai.

Yana da wata doka da muke yi wa dariya a bayan idonsa. Marar lafiya ba ya tashi sai ya maimaita da bakinsa yadda zai sha magani. In Hausarsa ba ta kai ba, a nemo mai jin C'lela, yaren mutanen yankin. Layi ya kai bakin titi, Kawu ko a jikinsa.

Saura kaɗan in gama horon, wata tsohuwa daga Mahuta ta zo mini da hawan jini. Na zuba mata bayani da Hausar 'yan boko, tana ta "To, likita," na sallame ta. Ashe kunya ce irin ta iyayenmu, ba za ta ce wa mai farar riga ba ta gane ba. Ƙwayoyin mako guda ta shanye a kwana biyu. A babur aka dawo da ita, ko tsayuwa ba ta iyawa. Allah ya sa da sauran kwananta.

Ranar sa hannun kammala horo, Kawu ya turo mini takardata yadda na miƙa masa.

"Rifkatu, za ki ƙara wata shida."

"Kawu, ai ta warke."

"Ta warke, 'yata. Amma har yau ba ki tambaye ta abin da ta gane ba."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Shekara guda ban taka gidansa ba. Mama ta je roƙo, ya ba ƙanwar tasa ruwa, ya rako ta har ƙofa.

Da yau zai leƙo asibiti, na san kwamfuta za ta burge shi, don mutum ne mai son sabon abu. Amma ya ga tsoho yana magana, idon likita na kan allo? Da kansa zai juya wa likitan kujera.

Yanzu ni ke sa hannu. Watan jiya na mayar wa wata haziƙar likita takardarta saboda kuskure irin nawa. Ta fita tana hawaye, ni kuma na yini na kasa cin abinci. Da na ba Inna Ladi, matar Kawu, labari, sai ta yi murmushi.

"Ke yini ɗaya? Shi da ya mayar miki da taki, kwana uku bai taɓa tuwo ba. Ya ce kada in gaya miki."

Ni da Kawu mun shirya tun yana raye, amma ban taɓa buɗe baki na gode masa ba. Ina kewarsa ƙwarai. Da na fito daga gidan Inna Ladi, kabarinsa na nufa, na maimaita masa da bakina abin da na gane.