Wankan Wendell da Famfas

Shekara talatin Lorraine Kowalczyk ta yi tana gasa burodi a Toledo, tana ɗokin ranar da za ta ajiye aiki ta huta. Wata biyu da ajiyewar, ɓarin jikin mijinta Wendell ya shanye, fitsari ya daina riƙuwa, sai famfas ɗin manya.

Wanka ne rigimarsu. Wendell ba ya yarda a cire masa famfas kafin ya shiga baho. Abin ya sha ruwa ya kumbura, ita ce da ɗaukarsa yana ɗiga, ita ce da goge ƙasa, ga ciwon baya.

"Haba tsoho, gotai-gotai da kai!" ta ce masa wata safiya. "Kunyata kake ji bayan shekara arba'in?"

"Wace kunya?" in ji shi, bakinsa a karkace. "Ɗumin nake so. Nan kaɗai jikin nan ke jin daɗin wani abu."

Lorraine ta zauna a bakin bahon, ta ƙara masa ruwan zafi. Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, babbar leda kawai take shigowa da ita don saka jiƙaƙƙen famfas ɗin.