Kunya Ta Ci Mini Yatsu Biyu

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban rubuta ko harafi a nan ba. Masu tambaya ko na mutu, ban mutu ba. Masu cewa kunya ta ɓoye ni, kun faɗi rabi, yau ga sauran daga bakina.

Ga wanda bai san ni ba: shekara uku ina tara samari da 'yan mata, 'yan lakwal da waɗanda ba su taɓa shiga makaranta ba, kowace Asabar gindin itacen bedin bayan gidanmu a Filinge, ina koya musu agajin farko. Ba mai biyana. Tsayar da jini, ƙuna, suma, saran maciji. Na maciji har haddace shi na sa sunka yi: ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotso, a kwantar da mutum a kai shi likita.

Ranar da abin ya faru muna ɗaurin gero a gonar Baba Arzika, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina shekara bakwai. Na tura dami da ƙafa, sai na ji kamar ƙaya mai wuta a yatsa. Kububuwa ce, na gan ta tana sulalewa.

Kafin in zauna Baba ya warware igiyar dami ya tamke ni ƙasan gwiwa, ya zaro reza daga hularsa.

Rakiya, ɗiyar maƙwabcinmu, tana cikin masu kawo mana fura. Shekararta sha shida, ita ke zama gaba a ajina. Ta aje ƙwarya ta ce, "Malam, kai ka ce ba a ɗauri."

Na dubi Baba, yana tofa mini addu'a. Na dubi mutanen gayya, duk sun zuba ido. Na ce mata, "Yi shiru, manya na aiki."

Ni na faɗi haka. Ba dafi ne ya juya mini kai ba, da hankalina. Na kasa ce wa wanda ya ciyar da ni a'a a gaban mutane.

Anka yi mini tsaga uku, anka ba ni jiƙo, anka ce a jira a gani. Tun hantsi har la'asar igiyar na nan. Jinin tsagar ya ƙi tsayawa, dasashina ya fara jini. Sai Rakiya ta ruga gari ta taso wanta da babur.

A gidan likita manjo, babban ma'aikacin jinya, ya ɗebi jinina ya zuba a ƙaramar kwalba, ya aje, ya dubi agogo. Minti ashirin jinin bai daskare ba. Sai da ya sa mini maganin dafi cikin ƙarin ruwa sannan ya sassauta igiyar sannu-sannu. Ya tambaye ni ko ba ni ne mai koya wa yara ba. Na juya fuska bango.

Kwana biyu ƙafar ta yi baƙi, ta fara wari. Anka tura ni Yamai. Anka ƙara mini jini leda biyu, ɗaya na mai ɗakina ne. Babban likitan ya ce, "Dafin mun ci ƙarfinsa. Aikin igiyar muke fama da shi yanzu."

Na ji tsoro, wallahi. Kowace safiya in sun zo wankin ciwo sai in kalli inda baƙin ya tsaya, in ga ko ya hau. Ana maganar yanke ta daga gwiwa. Allah Ya taƙaita abin a yatsu biyu. Baba ya sayar da sansa na noma saboda magani, bai gaya mini ba sai daga baya. Ban riƙe shi da komai ba, abin da ya gada ya yi. Ni ne na san wani abu daban na haɗiye.

Da na dawo gida maganar ta riga ni. Ran kasuwar Lahadi na ji ana cewa malamin agaji ya kasa agazar kansa. Iyaye sunka janye 'ya'yansu. Wani abokina ya ce in bar abin haka nan, in rufa wa kaina asiri. Wane asiri? Ƙafar na nan, kowa na ganin ɗingishina.

Ban bari ba, kuma ba zan bari ba. Asabar da ta wuce na shimfiɗa tabarmi. Cikin talatin, bakwai sunka zo. Na tuɓe takalmi na aza ƙafar bisa kujera, na ce kowa ya matso ya ƙirga. Na nemi gafarar Rakiya a gabansu. Sannan na gaya musu akwai darasin da shekara uku ban koyar ba, don ni kaina ban iya shi ba: yadda yaro zai hana babba, cikin ladabi, ba ja da baya.

Ina neman wanda zai fito a matsayin babba don yaran su gwada hana shi, sai ga Baba Arzika ya taso daga bakin darni. Ashe yana nan tun farko. Ya zaro igiya daga aljihu ya tsuguna gaban ƙafata, kamar ranar.

Rakiya ta durƙusa ta kama hannunsa da hannu biyu. "Baba, ka yi haƙuri, ba za a ɗaura ba."

Ya daɗe yana kallon gurbin yatsun. Sai ya saki igiyar a hannunta, ya ce sauran shidan su zo su gwada.

Na gode wa Allah. Na gode wa mai ɗakina, da ma'aikatan da sunka jure warina, da Baba, da yarinyar da na yi wa tsawa.

Wata kakar na nan tafe. Ku sa takalmi rufaffe, ku juya dami da sanda. In kububuwa ta sari wani, kada ku ɗaure, kada ku tsaga, kada ku jira a gani. Ku kai shi likita nan take. In kuma yaro ya ce muku a'a a kan ciwo, ku tsaya ku ji dalilinsa.

Masu son ganin ƙafar, ku daina leƙe a kasuwa. Asabar bayan la'asar, gindin bedi. Ku zo da 'ya'yanku, zan tuɓe takalmin.