Mutumin da Ya Sauka a Daji

Da muka koma Fatakwal bayan yaƙin basasa, ni da Baffana, ƙanin mahaifina, muka ci gaba da sana'ar shanu. Kuɗin mai ya shigo gari, tafiya Kano ta zama abin musu a bakin masallaci. Masu son mota suna cewa ta fi sauri, amma ni na gaji da shingen sojoji da gawarwakin manyan motoci a gefen hanya. Jirgin sama sau ɗaya na hau. Kunnena ya toshe, ban ga komai ba sai gajimare, na sauka Kano kamar an jefo ni. Jirgin ƙasa nake so duk da jinkirinsa: ka miƙe ƙafa, ka yi salla, ka sayi doya da manja ta taga. Baffa kuwa ko hanyar tasha ba ya bi, don a jirgin ƙasan ya gudu arewa lokacin tashin hankali.

Wata rana ina dawowa daga Kano, muna dab da Inugu bayan azahar, na farka daga gyangyaɗi na ga wani dattijo zaune a gabana. Ban ga shigowarsa ba. Buta ce kawai a hannunsa. Bakin wandonsa jagab da jan taɓo, alhali rani ake yi.

Ya gaishe ni gaisuwar manya, ya tambayi gida da iyali. Sannan ya ce, "Ɗana, an fara barin mutane su koma?"

Na ce, "Baba, ai an daɗe da komawa."

Ya jinjina kai. "Iyalina na bari a tarago. Na ce su jira ni in ɗebo ruwa."

Sai jirgi ya tsaya a tsakiyar daji, ba tasha, ba gida. Ya tashi ya sauka, ya bi layin dogo yana komawa baya, ba ya sauri. Na leƙa ta taga ina kiransa, bai waiwayo ba. Mai duba tikiti, wani Inyamuri da ke jin Hausa, ya dafa kafaɗata.

"Malam, ƙyale shi. Nan yake sauka kullum."

Na tambaye shi a ina yake hawa. Ya dube ni kawai ya wuce.

Da na iso gida na ba Baffa labari muna cin tuwo. Ya tsame hannunsa daga kwano.

"Yana da tabo a nan?" Ya nuna girarsa ta hagu.

Na ce yana da shi.

Ya wanke hannu ya nufi gidan liman. Washegari bayan la'asar liman ya tsayar da mu, muka yi sallar gawa babu gawa a gabanmu. Baffa na sahun farko, hawaye na bin gemunsa. Har ya rasu bai faɗa mini ko wane ne ba.